Amsoshin Tambayoyinku: Hotunan Sallah a Shafin Sana'a

Wata mai sauraronmu daga Kano, mai sayar da atamfa a Instagram, tana tambaya ko ya dace ta sa hotunan iyalinta na Sallah a shafin kasuwancinta.

To Hajiya, gara ki raba harkar iyali da ta sana'a. Shafin sana'a ki bar wa kaya da gaisuwar barka da Sallah. Hotunan yara da na ziyarar surukai na dangi ne, kuma ba kowa ke son a baza fuskarsa ba. Sunanki a kasuwa cika alkawari ke gina shi: duk kayan da aka biya su isa kafin Idi. Ranar jajibere ki sanar kin rufe sai bayan Hawan Nassarawa, ki tafi zumuncinki hankali kwance.