Tusar Jaki: Maganin Kemis da Haƙurin Mako 12

Ƙanwata, idan tusar jaki ta fito miki a yatsa ko a tafin ƙafa, ajiye rezar nan. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, ta 'yar tsagar fata take shiga. Ta tafin ƙafa takan nutse ciki, da baƙaƙen ɗigo a tsakiya, in kin taka sai ki ji kamar tsakuwa a takalmi. Tana jin magani, amma sai an daure.

1. Gobe da safe ki leƙa kemis, a Babban Dodo ko Ƙofar Doka da ke Zariya, ki nemi maganin shafawa mai sinadarin salisilik asid. Na ruwa yakan zo da ƙarfin kashi 17 cikin 100, na filasta kuma har kashi 40, shi ya fi dacewa da tafin ƙafa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ki biya.

2. Bayan sallar isha'i ki jiƙa wurin a ruwan ɗumi minti 5, ki tsane shi sosai.

3. Zagaye shi da man Vaseline, don kada maganin ya ci lafiyayyar fata. Ki ɗiga a kan tsiron kaɗai, ki bari ya bushe.

4. Sau ɗaya a mako ki goge farar fatar da ta mutu da dutsen goge kaushi, a hankali, ban da fitar da jini. Dutsen nan naki ne ke kaɗai, haka ma tawul da silifas.

5. Kullum za ki shafa, har mako 12 in ta kama. Wasu masu cewa bai yi aiki ba tun mako na biyu suka daina. In fatar ta yi ja tana zafi, ki huta kwana biyu.

6. Ban da ruwan batir, ban da ƙonawa da garwashi. Tabon da suke bari ya fi tsiron muni.

7. Kada ki shafa a fuska ko al'aura. In kina da ciwon suga, ko tsiron yana jini ko canza launi, ki nufi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. In mako 12 ya cika bai tafi ba, ki nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Shika.

Ta yara kuwa sau da yawa da kanta take bajewa cikin shekara biyu. In ba ta damun yaro, ki hana shi tsinka da cizo kawai.