Kula da Fatar da ke Kewaye da Sabon Bakin Hanji

Idan hanji ya huje, ko ya toshe, ko ciwon daji ya ci wani yanki nasa, likita yakan fito da bakin hanjin ta jikin ciki ya ɗinke shi da fata. Daga nan bayan gida ta wurin zai riƙa fita, yana zuba cikin jakar da ake mannawa. Wannan kafa ita ce likitoci ke kira sitoma. A ƙasashenmu zazzaɓin taifod yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga wannan aiki, balle yara, domin yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji. Akwai kuma jariran da ake haifa ba dubura, da waɗanda hanjinsu ya murɗe, da waɗanda harsashi ya samu a ciki. Wani na 'yan watanni ne a mayar masa da hanjin, wani kuwa da shi zai zauna.

To, an yi aiki lafiya, an sallami mutum. Ba a jima ba sai fatar da ke kewaye da bakin hanjin ta yi jawur, ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa, ga raɗaɗi dare da rana. Jaka ba ta kama jiƙaƙƙiyar fata, sai ta yi yoyo, yoyon ya ƙara cin fatar. Mutane da yawa sukan yi shiru, wai haka abin ya gada. Ya kai mai karatu, ba haka ya gada ba. Ka dubi fatar ɗaya gefen cikinka: yadda take, haka ya kamata ta kewayen bakin hanji ta kasance. In sun bambanta, akwai dalili, kuma dalilin ake nema kafin a yi zancen magani.

Kada dai a rikita abu biyu. Shi bakin hanjin kansa ja ne, mai damshi, irin naman cikin kumatu. Ba ya jin zafi in an taɓa shi, kuma ɗan jinin da yakan yi sa'ad da ake gogewa ba abin tsoro ba ne. Fatar kewaye ce ba a yarda ta yi ja ba.

ABIN DA KE CIN FATA

Galibi bayan gida ne ke shiga ƙarƙashin faifan da ke manne jaka da jiki, ya kwanta a kan fata. Wanda aka fito masa da babban hanji yana da ɗan sauƙi, don nasa yakan yi kauri. Na ƙaramin hanji kuwa ruwa-ruwa ne, kusan ba ya tsayawa, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci. Abin da ke narkar da nama a cikin hanji ba zai ƙyale fata ba. Cikin sa'o'i kaɗan sai ya ƙone ta.

Ba yau aka fara wannan fama ba. A 1952 wani likitan Ingila, Bryan Brooke, ya fito da dabarar naɗe bakin ƙaramin hanji ya ɗan tsiro sama da fata, don abin da ke fita ya faɗa cikin jaka kai tsaye. A 1954 wata nas 'yar Denmark, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta da aka yi wa aikin ta ƙi fita waje saboda tsoron yoyo, sai ta ƙago jaka mai mannewa da fata. A 1958 kuma, a asibitin Cleveland Clinic na Amurka, Norma Gill, wadda ita ma an yi mata aikin, ta fara koya wa majinyata kula da sitoma, har abin ya zama fanni mai zaman kansa a aikin jinya. Dukansu abu guda suka sa a gaba: a raba fata da abin da ke fita.

Ga inda sababbin majinyata suka fi faɗawa. Bayan tiyata bakin hanji a kumbure yake, kuma yakan yi ta saɓewa har mako 6 zuwa 8. Nas ta yanka maka ramin faifai a asibiti, ta ba ka samfurin a takarda, ka zo gida kana ta yanka da shi. Hanji ya ragu, rami yana nan da faɗinsa, sai zoben fata ya zauna a buɗe yana shan ƙazanta. Saboda haka a cikin waɗannan makonni, duk canji a sake awo. Kada tazarar da ke tsakanin hanji da bakin rami ta wuce milimita 2 zuwa 3. Kada kuma ramin ya matse har ya yanki hanjin, tunda ba zai yi maka zafi ka sani ba. In bakin hanjin ba da'ira ba ne, a yanka ramin yadda siffarsa take.

Ka koyi karanta bayan faifai. Da ka cire shi, kada ka yi gaggawar jefarwa, juya shi ka duba. Inda ɗankon ya narke ko ya ɓaci, nan ƙazanta ta bi. Ɗauki madubi ka dubi cikinka daidai wurin, ka zauna, ka sunkuya. Sau da yawa za ka tarar da ninki, ko tabon ɗinki, ko ɗan kwari da ba ya bayyana sai an zauna. Irin wannan ana cike shi da zoben ɗanko ko kwaɓin da aka yi don aikin. In kuwa bakin hanjin ya shafe daidai da fata, ko ya lotsa ciki, akwai faifai mai tudu da ke danna kewaye ya turo shi waje. Amma wannan sai likita ko nas sun ce, musamman ɗinki yana ɗanye.

YADDA AKE CANJI

Lokacin da ya fi shi ne da sassafe kafin a karya, hanji bai tashi aiki ba. A tanadi komai a kusa. Kada a fizgi faifai. A fara daga sama, hannu ɗaya yana danna fata yana raba ta da ɗanko, ɗayan yana ja a hankali zuwa ƙasa. Fizga kaɗai tana ɗaye fata ko babu yoyo. A wanke da ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi mai tsabta. Ruwan ya isa. Sabulu mai maiƙo ko turare yana hana mannewa. A bushe ta hanyar dannawa, ban da gurzawa, a ba wurin iska har ya bushe ƙarau.

In fatar ta saɓule tana ruwa, akwai hoda ta musamman ta sitoma. A barbaɗa ta inda ke da damshi kaɗai, a kaɗe ragowar, sa'an nan a fesa ko a ɗiga ruwan kariyar fata wanda ba shi da sifirit, a jira ya bushe. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku har wurin ya yi ɓawo busasshe da ɗanko zai kama. Da fata ta warke a daina hodar. Hodar kwalliya da ta jarirai ba sa wannan aiki. Bayan an manna faifai a dafa shi da tafin hannu kamar minti ɗaya ko biyu, ɗumin jiki ne ke sa shi ya kama.

A zubar da abin da ke cikin jaka da ta kai kashi ɗaya cikin uku, don nauyi yana ɓanɓare ta. Yawanci ana canja faifai bayan kwana 3 ko 4. Amma in ka ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashinsa, yoyo ya fara, canja shi nan take. Na san jakar tana da tsada, wani lokaci ma sai an je babban gari. Wannan ke sa mutum ya bi gefen faifai da filasta don ya ƙara kwana biyu. Wanda ya yi haka kamar mai ɗakin da ke yoyo ne ya rufe tabarma da zane: ƙazantar tana nan kulle a kan fata, kuma fatar da ta lalace sai ta ci jaka uku inda ɗaya za ta isa.

Man kaɗanya, man shanu, basilin, zuma, duk a nisanta su daga inda faifai zai zauna, don maiƙo da ɗanko ba sa shiri. Sifirit da Dettol kuwa ƙona ɗanyar fata suke yi. Toka da garin magani na gargajiya ba su da wuri a nan. Sai dai jaririn da ba a samar masa jaka ba, ana tare masa da tsumma ko nafkin: shi kam ma'aikatan asibiti sukan ce a shafa masa farin man zinki da kauri a kewaye, a riƙa canja tsumman da ya jiƙe.

Ba kowane ja ne na yoyo ba. Zafi da gumi sukan kawo ƙuraje jajaye masu ƙaiƙayi, da 'yan ƙanana warwatse a gefe. Ƙwayar cutar da ke sa fari-fari a bakin jarirai ce, kuma maganinta na hoda likita zai rubuta, irin su nistatin, ba na shafawa ba. Mai gashin ciki ya riƙa rage shi da almakashi, don tsigewar gashi tana sa ƙurji a gindinsa. In kuwa jan ya fito daidai da siffar faifai, jiki ne bai karɓi ɗankon ba, sai a sauya iri. A kuma ajiye jakunkuna a inuwa, ban da cikin mota ko kusa da murhu.

Wata magana da ba a cika faɗa wa likita ba: akwai masu ɓare faifai duk lokacin salla don neman tsarki. Fatar da ake ɗaye wa ɗanko sau biyar a yini ba za ta warke ba. Malamai sun yi bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙewa, kamar mai yoyon fitsari, kuma akwai sauƙi a ciki. A tambayi malami, a zubar da abin da ke jaka, a bar faifai inda yake.

LOKACIN KOMAWA ASIBITI

In bakin hanji ya yi baƙi, ko shuɗi, ko fari fat, a tafi a ranar, ko dare ne. Haka in jini yana fitowa daga cikin hanjin, ko ɗinki ya buɗe tsakanin hanji da fata, ko ga zazzaɓi da ruwan ciwo. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji in ya yi awa 4 zuwa 6 ba abin da ya fita, ga murɗar ciki da amai, toshewa ce. In kuma ruwa ke ta zuba, baki ya bushe, fitsari ya ragu, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya. Gyambo mai zurfi, mai tsananin zafi, mai shuɗin gefe, ba na jinyar gida ba ne. Fatar da aka gyara wa awo aka yi canji biyu ko uku ba ta nuna sauƙi ba, ita ma a kai ta a duba. In za a tafi, a riƙe kwalin jakar da ake amfani da ita, da samfurin awon, da faifai na ƙarshe da aka cire a ƙulle cikin leda.