Yadda Ake Bin Sawun Kansar Ƙwaƙwalwa Mai Bijire wa Magani

Cikin kansar da ke tasowa a ƙwaƙwalwar manya, babu mai muni kamar glioblastoma. Tun 2005, da Roger Stupp da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajinsu, maganinta bai sauya sosai ba: tiyata, gashi na mako shida, da ƙwayar temozolomide. Ƙwayar ta ɗaga tsaka-tsakin kwanan marasa lafiya daga wata 12.1 zuwa 14.6. Amma kusan kullum ƙarin yakan dawo, kuma sau da yawa maganin da ya ci shi da farko ba ya cin sa a karo na biyu. Dalilin wannan taurin kai ake farauta a ɗakin gwaje-gwaje.

Daga ɗakin tiyata ake farawa, bayan mara lafiya ya ba da izini. Likitan da ke tantance cuta shi ke fara ɗaukar rabonsa daga ƙarin da aka ciro, ragowar a tsoma cikin ruwan sanyi a garzaya da ita, domin kowace sa'a ƙwayoyin halittar da ke cikinta mutuwa suke yi. Mai bincike zai daddatsa tsokar da aska har ta yi laushi, ya zuba mata sinadarin papain, wanda daga gwanda ake samo shi, don ƙwayoyin su rabu da juna, sannan ya tace da rariya mai ƙananan idanu.

Sai reno, kuma a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ana ajiye ƙwayoyin a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, cikin ruwan abinci mai sinadaran EGF da FGF. Ba a sa musu ruwan jinin ɗan maraƙi da aka saba ciyar da sauran ƙwayoyi da shi, saboda yana sauya musu hali har su daina kama da ƙarin da aka ciro su. Idan an dace, bayan kwanaki ko makonni za a ga 'yan dunƙule-dunƙule suna yawo cikin ruwan. Wani samfurin ko kaɗan ba ya kamawa. Wanda ya kama, a daskarar da wani kaso cikin ruwan naitirojin, a kuma binciki DNA ɗinsa a tabbatar na mai shi ne. Wannan binciken bai kamata a yi masa ganganci ba. A 2016 ƙungiyar Bengt Westermark a Uppsala ta ƙasar Suwidin ta nuna cewa ƙwayoyin U87, waɗanda duniya ta yi shekaru tana gwaji da su, ba su dace da ƙarin asali da aka ce daga gare shi suka fito ba.

Daga nan a rarraba ƙwayoyin a faranti mai ramuka 96, kowane layi da nasa ƙarfin magani. Temozolomide ba ya kisa nan take. Sai ƙwayoyin sun yi ta rabuwa ɓarnarsa ke bayyana, don haka jira ake yi na kwanaki. 'Yan tsirarun da suka tsira a bar su su farfaɗo, a sake ba su, a sake, har a sami zuriyar da ba ta jin maganin. Ita ake kwatantawa da iyayenta da ke daskare.

Me ake nema? Maganin yana manna wani ɗan sinadari a jikin DNA don ya gurɓata shi. Wasu ƙwayoyin na da furotin mai suna MGMT da ke bi yana ɓamɓarewa. Monika Hegi ta nuna a 2005 cewa waɗanda MGMT ke rufe a ƙarinsu sun fi cin moriyar maganin. Wasu ƙwayoyin kuwa dabararsu daban ce: sukan rasa MSH6, ɗaya daga masu lura da kuskure a DNA, sai ɓarna ta auku ba wanda zai yi shelar a mutu. Amma ganin bambanci ba hujja ba ne. Sai an cire abin da ake zargi da fasahar CRISPR, ko an mayar da shi, an ga halin ƙwayar ya juya.

Abin da ya yi aiki a faranti sai a kai shi ga ɓera mara garkuwar jiki. A sa masa barci, a huda ɗan rami a ƙoƙon kansa, a ɗura ƙwayoyin. Tun farko an dasa musu sinadarin ƙwaron nan mai haske da dare, saboda haka kyamara na iya nuna girman ƙarin ba tare da an yanka ɓeran ba. Magunguna da yawa a nan suke faɗuwa, don jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa na da shinge da ke hana su shiga. Ɓeran ma yana da nasa giɓin, tunda ba ya nuna rawar da garkuwar jiki ke takawa.

Shi ya sa a ganina samfurin da ya fi daraja shi ne na tiyata ta biyu, wanda aka ciro bayan ƙarin ya dawo. Ba kowane mara lafiya ake sake yi wa aiki ba, don haka irinsa ƙalilan ne, har cibiyoyi daga ƙasashe da dama suka haɗa nasu a ƙarƙashin gamayyar GLASS. Idan sauyin da aka gani a faranti da ɓera ya bayyana a wannan tsoka, kuma babu shi a ta farko, to an sami abin da ya cancanci a nema masa magani.