Tsakanin Kyauta da Toshiyar Baki: Matsayin Malamin Makaranta

Gabatarwa

Bahaushe ba ya kiran duk abin da aka miƙa masa da suna guda. Akwai kyauta, akwai sadaka, akwai tukwici, akwai gaisuwa, akwai kuma toshiyar baki. Abin da ya raba waɗannan sunaye shi ne nufin mai bayarwa da kuma muƙamin mai karɓa. Wannan maƙala za ta dubi inda kyautar iyaye ga malamin ɗansu ta faɗa a cikin wannan jeri, musamman idan ta kasance mai tsada, kamar rago ko turmin shadda ko kujerar Makka.

Asalin Al'adar

A makarantar allo malam ba shi da albashi. Abin da ke riƙe da shi shi ne kuɗin Laraba, da noman da almajirai kan taya shi, da sadakar da iyaye kan kawo ranar saukar Alƙur'ani. Wannan sadaka a fili ake ba da ita, kuma bayan yaro ya riga ya sauke. Ba ta iya sayo masa ko harafi guda wanda bai karanta ba.

A makarantar boko al'amarin ya sha bamban. Malami yana da albashi, sannan shi ke ba da maki, shi ke rubuta sakamako, shi ke da ta cewa a kan wanda zai wuce aji da wanda zai maimaita. Watau ke nan malami ne kuma alƙali. To, a nan ne kyauta kan sake suna.

Mahangar Addini da Doka

Ya zo a cikin hadisi cewa Annabi (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta. Annabi ya tsawatar, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa. Ma'aunin ke nan: kyautar da muƙami ya jawo ba ta mutum ba ce.

Muhammadu bin Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Adabul Mu'allimina cewa bai halatta malami ya ɗora wa yara kawo kyauta bayan ladarsa ba, kuma wajibi ne ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafta gaisuwa cikin miyagun al'adun mulkin sarakunan Haɓe.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati neman wani abu ko karɓarsa saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi. Ya dai yarda da kyautar dangi da abokai gwargwadon yadda al'ada ta tanada. Ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati suna cikin waɗanda dokar ta ambata.

Illolin Karɓa

Masu iya magana sun ce, in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Malamin da ya karɓi rago a watan Salla, yaya zai iya kayar da ɗan mai ragon a jarrabawa? Ko da ya yi gaskiya, sauran ɗalibai ba za su yarda ba, kuma makin yaron ya zama abin zargi. Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan talaka, domin tun yana ƙarami zai koyi cewa ƙwazo kaɗai ba ya isa.

Kammalawa

Ba a cewa malami ya mayar da goro ko ƙwaryar fura, domin ƙin karɓarsu wulaƙanci ne a wurin Bahaushe. Amma idan kyauta ta yi nauyi, kuma makin yaro na hannunsa, abin da ya fi shi ne ya yi godiya, ya nemi a mayar da ita ga makaranta baki ɗaya, a sayi littattafai ko kujeru da sanin shugaban makaranta. Ƙarancin albashi uzuri ne da ya kamata hukuma ta duba, amma ba ya halatta wa malami sayar da alƙalaminsa.