Layi a Allon Babbar Talabijin: Kada Ka Yi Saurin Cewa Gilashi Ya Mutu

Wani mai gidan kallon ƙwallo a Rijau ya aiko da tambaya. Ya ce ya sauya tsohuwar talabijin ɗinsa mai inci 32 da sabuwa mai inci 65, ba a rufa shekara ba hoto ya fara rawa, layuka suka gitta allon. Mai gyara ya duba ya ce gilashi ya tafi, sai dai a sayi wata. Shin haka ne?

Malam, sannu da wannan asara, amma a dakata tukuna. Allon 4K yana da ɗigon hoto 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, kowane ɗigo kuma kashi uku ne: ja, kore da shuɗi. Ke nan siraran wayoyi 11,520 ne ke bi ta cikin gilashin a tsaye. Idan hoto yana sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa, kowane jeri ba ya samun ko kashi 8 cikin miliyan na daƙiƙa kafin a wuce shi. A ƙaramin allo wannan ba komai ba ne. A babba kuwa, tafiyar da saƙon zai yi ta yi nisa. Kamar ban-ruwa ne a fadama: kunyar da ke bakin famfo ta ƙoshi, ta can ƙarshe ruwa na isa gare ta a gajiye. Shi ya sa masu ƙera manyan alluna suke tura saƙon jeri daga hagu da dama a lokaci guda, don su haɗu a tsakiya da sauran ƙarfinsu. Da ɓangare ɗaya ya samu tangarɗa, sai hoto ya ninku, ko ya riƙa tsalle, ko layuka su kwanta.

Fara bincike daga waje. Danna rimot ka buɗe jerin saitin talabijin ɗin kanta. In rubutun ya fito tas, layin bai taɓa shi ba, to galibi laifin yana wajen dikoda ko wayar HDMI. Wannan ya yawaita a gidajen kallo, inda ake raba dikoda ɗaya zuwa talabijin uku da doguwar waya mai araha, a kuma ɗaure ta da wayar janareto a jikin azara ɗaya. Raba su. Wayar da ta haura mita 10 tana son na'urar ƙara ƙarfi, ko a matso da dikodar kusa.

In layin ya hau kan rubutun, to matsalar tana ciki. Akwai ƙaramin fanel da masu gyara ke kira tikon, shi ke karɓar hoto ya rarraba wa gilashi ta faffadan ribon. Mai gyaran kirki zai cire wuta, ya zare ribon ɗin ya goge haƙoransa, ya mayar daidai, sannan ya sa mita. A yawancin manyan alluna bolt 12 ke shiga tikon, shi kuma ya samar da wuta mai sama da bolt 20 don buɗe jeri, da wata ta ƙasa da sifili don rufe shi. In ɗaya ta ɓace, sau da yawa ɗan fis ne ko kafasita, abin da bai kai girman ƙwayar shinkafa ba. Duk wanda ya yanke wa gilashi hukunci bai auna waɗannan ba, ni dai ban yarda da aikinsa ba.

Layi ɗaya siriri a tsaye da ba ya gusawa, wannan ya fi tsanani. Alama ce da ke nuna ɗaya daga cikin 'yan faifan roba masu ɗauke da cip da aka manna a bakin gilashi ya saki ko ya ci tsatsa. Ba a manna shi da ƙarfen sodar hannu, sai da injin matsi na musamman, irin wanda ake samu a manyan kasuwanni kamar Alaba ta Legas. Abin da ya fi kashe shi kuwa a hannunmu yake. Lokacin hunturu ƙura ta rufe allo, yaron shago ya fesa ruwa ya goge, ruwan ya gangara ya kwanta a gindin gilashi, daidai inda faifan suke a yawancin talabijin. Tsumma mai laushi da ɗan danshi kaɗan ya isa, kuma a tsumman ake sa ruwa.

Akwai dabarar da ta yaɗu ta liƙa salatif a kan wasu haƙoran ribon don a kashe ɓangaren da ya lalace. Tana iya dawo da hoto, amma gefe ɗaya ne zai ɗauki aikin biyu, kuma babu tabbacin zai daɗe. In an yi maka ita, a gaya maka gaskiya, a caje ka kuɗin lallaɓawa.

Ka sa sitabilaiza, ka cire soket kafin a tayar da janareto ko a kashe shi, ka bar tazara tsakanin talabijin da bango, kada ka rataye ta dab da kwanon rufi. Kafin ka ɗauko wannan allo zuwa Kontagora ko Kano, Malam, ka fara da gwajin rimot, domin ko sisi ba zai ci maka ba.