Kuɗin Zuwa Asibiti Cikin Diyyar Rauni: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Idan mota ta buge mutum, ko na'ura ta ji masa ciwo a wurin aiki, galibi ƙofar Hakimi ake fara kawo maganar. A nan akan lissafa kuɗin magani da na likita, amma a manta da kuɗin motar zuwa asibiti, alhali kuwa ga talakan ƙauye sau da dama shi ne ke cinye akuya da damin hatsi. Wannan kuɗi hakkinsa ne, sai dai ba ya samuwa in ba a rubuta shi tun da wuri ba.

1. Yadda shari'a ta raba diyya

A kotunan da ke bin dokokin ƙasa, diyyar rauni iri biyu ce. Ta farko ita ce ta zafin ciwo da naƙasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa. Ta biyu ita ce hasarar da ake iya ƙidayawa, watau kuɗin da ya fita daga aljihun mutum saboda raunin. Kuɗin mota yana cikin ta biyu. Ƙa'idarta kuwa mai tsanani ce: tilas a ambaci kowane kuɗi filla-filla cikin takardar ƙara, sa'an nan a kawo shaida a kansa. Abin da ba a ambata ba, alƙali ba zai bayar ba, ko da ya ji tausayi.

2. Abin da malami zai rubuta

Ya kamata malamin Hakimi ya sa dangin majinyaci su ware littafi guda tun ranar hatsarin. Kowace tafiya a rubuta kwanan wata, da inda aka tashi, da asibitin da aka je, da irin abin hawa, da kuɗin zuwa da komowa. In an sami rasit a tasha a adana shi. Motocin haya ba su cika ba da rasit ba, amma rashinsa ba ya kashe magana, gama katin asibiti yana nuna ranakun da aka je, ɗan rakiya kuma yana iya ba da shaida.

Ga misali. A ce mutumin Gumel ya karye a cinya, likita ya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. A ce kuɗin mota zuwa da komowa naira 6,000 ne, kuma ba ya iya tafiya sai da ɗan rakiya: naira 12,000 ke nan kowace tafiya. In ya je sau 8, ya kashe naira 96,000, ban da magani.

3. Kada a wuce kima

Abin da ya zama dole kaɗai ake biya. Wanda ya tsallake asibitin kusa ya tafi na nesa ba da umarnin likita ba, ko ya yi shatar mota alhali yana iya shiga ta haya, ana iya rage masa. Saboda haka a riƙe takardar da likita ya tura shi da ita da kyau, domin ita ce hujjar nisan tafiyar.

4. Wa zai biya

In hatsarin mota ne, ana neman direba da mai motar da kamfanin inshorarsu. Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu motoci inshora saboda mutanen da za su yi wa rauni, har yau kuwa wajibi ce. Lalle a rubuta lambar motar, a kuma nemi rahoton 'yan sanda.

In a bakin aiki aka ji ciwon, akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma sufuri yana cikin abubuwan jinya da ta ambata. Ma'aikaci ya sanar da uban gidansa cikin kwana 14, ya kuma nemi diyya cikin shekara guda.

In kuwa ma'aikacin gwamnati za a kai ƙara kan abin da ya yi cikin aikinsa, dokar tarayya mai kare ma'aikata wata 3 kawai ta bayar. A hanzarta ganin lauya.

5. Sulhu

Akan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, shi ya sa mutane ke saurin karɓar abin da aka miƙa musu. Amma diyya sau ɗaya ake yanke ta. Wanda ya sa hannu cewa an sallame shi, da wuya ya sake samun kome, ko da saura tafiya goma a gabansa. Kafin a ƙulla sulhu, a tambayi likita sau nawa majinyaci zai koma, a haɗa kuɗin cikin lissafi.

Ana roƙon Hakimai su bayyana wa Dagatai da Masu Unguwanni wannan magana, su kuma su isar wa talakawansu.