Jirgi Ba Ya Jiran Kowa

Yara, da yawa daga cikinku sun taɓa shiga mota zuwa wani gari mai nisa. Kun san yadda direba yakan tsaya a hanya, ya ce a sauka a yi salla, a ci abinci. In wani ya yi nawa, sai yaron mota ya bi shi da kira, sauran fasinjoji su yi ta gunaguni har ya zo. To, yau za mu karanta labarin wata irin tsayawa dabam, wadda ba a bin kowa da kira a cikinta. Ita ce tsayawar babban jirgin ruwa a tashar bakin teku.

Akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba su ɗaukar gyaɗa ko auduga, mutane kaɗai suke ɗauka, masu yawon buɗe ido. Irin wannan jirgi kamar gari guda yake a bisa ruwa. Yana da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, har da ɗakin likita. Mafiya girma a cikinsu sukan ɗauki fasinjoji fiye da 5,000. Galibi da dare jirgin yake tafiya. In gari ya waye sai ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su ga gari, su yi sayayya, da maraice su komo ya tashi zuwa wata ƙasa. Yini ɗaya ke nan kawai, wani lokaci ma bai cika yini ba.

Ɗaya daga cikin tashoshin da irin waɗannan jirage suke yawan tsayawa ita ce Las Falmas. Ku ɗauko taswirar Afirka, ku dubi yamma da ƙasar Maroko. Za ku ga waɗansu ɗige-ɗige a cikin Tekun Atalantika. Su ne Tsibiran Kanari. Manyansu bakwai ne, kuma wanda ya fi kusa da gaɓar Afirka nisansa kimanin kilomita 100 ne. Ko da yake suna kusa da Afirka haka, ƙasar Sifen ce take mulkinsu, harshen Sifen kuma mutanensu suke yi. Las Falmas yana kan tsibirin da ake kira Giran Kanariya. An kafa garin a shekarar 1478, aka kuma fara gina babbar tasharsa ta yanzu a 1883. Sanyi ba ya tsanani a can, saboda haka jiragen yawo sun fi zuwa a lokacin da hunturu ya addabi ƙasashen Turai.

Mutanen ƙasarmu ba baƙi ba ne a wannan tasha. Tun jiragen sama ba su yawaita ba, wanda zai tafi Ingila a jirgin ruwa yake tafiya. Akwai wani sanannen jirgi mai suna Aureol, wanda ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko, wato Legas, daga 1951 har zuwa 1974. Tafiyar takan ci kimanin mako biyu, kuma Las Falmas yana cikin wuraren da yake yada zango. Ɗalibai da ma'aikata da yawa a nan suka fara taka wata ƙasa wadda ba ta baƙar fata ba, a nan kuma suka sayi tsarabar da suka kawo gida.

To, bari mu ƙaddara mu ne a cikin jirgin yawo, ga shi ya iso Las Falmas da ƙarfe 8 na safe, zai kuma tashi da ƙarfe 5 na yamma. Me za mu fara yi?

Abu na farko shi ne lissafin lokaci. A bakin ƙofar sauka akan kafa allo, a rubuta lokacin da ake son kowa ya komo. Yawanci yakan zama rabin sa'a kafin tashi, wato ƙarfe 4 da rabi ke nan a wannan misali namu. Amma mai hankali ba ya jiran wannan lokaci, sai ya rage wa kansa sa'a guda, ya ƙudura a ransa ƙarfe 3 da rabi za ta yi masa a bakin jirgi. In kuwa mun sauka da ƙarfe 9, ashe abin da muke da shi duka sa'a shida da rabi ne. Sai mu dubi agogonmu mu daidaita shi da na jirgi, gama agogon ƙasashe ba ɗaya ba ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, in ƙarfe 12 ta yi a Kano, ƙarfe 11 ce a Las Falmas. A sauran watanni agogonsu da namu daidai suke. Kyaftin kuwa da agogon jirginsa yake aiki.

Abu na biyu shi ne abin da za mu riƙe. Kowane fasinja yana da ɗan kati mai sunansa, wanda ake dubawa a ƙofa in zai fita, a kuma duba in ya komo. Da wannan kati ne ma'aikata suke sanin wanda yake ciki da wanda ya rage a gari. Ban da kati, sai mu ɗauki takardar da ake raba wa fasinjoji kowace rana, domin a cikinta akwai lambar wayar wakilin jirgi da ke zaune a garin. Sai kuma kuɗi. Tun shekarar 2002 kuɗin da ake kashewa a hannu a can shi ne yuro, santi 100 kuma su ne yuro ɗaya. Naira ba ta sayen ko ƙwayar tumatir a kasuwarsu. Gara mu riƙe ƙananan kuɗi saboda mota da 'yan saye-saye, kada kuma mu tara su duka a aljihu ɗaya, gama duk inda baƙi suka taru ba a rasa mai yankan aljihu.

Da mun fito daga tasha, sai mu tarar da wani fili mai itatuwa da kujeru, sunansa Santa Katalina. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ga bakin rairayi mai suna Las Kanteras nan kusa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa. Ga kuma tsohon gari, wanda ake kira Begeta, can kudu, nisan kimanin kilomita 5. Ina za mu fara zuwa?

Wanda bai saba ba sai ya ce a fara da na kusa. Wannan kuskure ne. Matafiyi mai wayo yakan fara da wuri mai nisa tun da sauran safiya, sa'an nan ya riƙa kusantar jirgi yayin da rana take yin ƙasa. Ta haka in wani abu ya tsare shi da yamma, ƙafarsa ma ta isa ta kai shi. Akwai kuma dalili na biyu. Kasuwar Begeta da safe take ci, da azahar ake rufe ta, ran Lahadi kuwa ba a buɗe ta. Waɗansu ƙananan kantuna ma sukan rufe da tsakar rana, masu su su tafi cin abinci da hutawa, sai wajen la'asar su komo.

Abin hawa iri uku ne. Akwai tasi, wanda yake da mita mai nuna kuɗin da za a biya. Ya fi sauri, ya kuma fi tsada. Akwai doguwar mota mai bene ta masu yawon buɗe ido, wadda take zagaya gari, mai tikiti ya sauka inda yake so, ya sake hawa wata. Sai kuma bas na 'yan gari, mai launin rawaya, wanda ya fi duka araha. Mutanen tsibirin suna kiran bas gwagwa. Kada ku yi dariya, ba shi da dangantaka da agwagwar da ke iyo a kududdufin garinku. Amma a lura da abu ɗaya: bas mai launin shuɗi ba na cikin gari ba ne, shi garuruwan tsibirin yake zuwa. Wanda ya hau shi bisa kuskure zai ga gidaje suna raguwa, duwatsu suna ƙaruwa. Saboda haka kafin mu hau sai mu nuna wa direba sunan wurin a takarda. Matambayi ba ya ɓata.

A Begeta za mu ga tituna masu daɓen dutse, da gidaje masu barandar katako. Za mu ga babbar majami'ar Santa Ana, a filin gabanta kuma an jera siffofin karnuka na ƙarfe, yara suna hawansu. A bayanta akwai gidan tarihi wanda aka sa wa sunan Kolumbas, matuƙin nan da ya yada zango a wannan tsibiri a 1492 domin gyaran ɗaya daga cikin jiragensa, kafin ya ƙetare teku zuwa Amurka.

Daga nan sai kasuwa. A cikin gini take, kowane mai sayarwa da rumfarsa. Ga ayaba gajera mai zaƙi wadda ake nomawa a tsibiran, ga tumatir, ga gwanda, ga kifi ɗanye, ga cukun nonon awaki. Akwai kuma wani gari da suke kira gofiyo. Masara ko alkama ake soyawa a niƙa, sa'an nan a dama da madara ko a zuba a romo. Tun kafin mutanen Sifen su zo, mazauna tsibiran na farko suke cin irinsa, da sha'ir suke yin nasu. In yunwa ta kama mu, za mu sami ƙananan dankali da aka dafa da ɓawonsu cikin ruwan gishiri, ana ci da wata miya mai tafarnuwa da barkono. Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci nama, domin naman alade yana da yawa a abincinsu. Kifi kuwa ga shi nan a wadace.

Ciniki a nan ba kamar na kasuwar Kurmi ba ne. A yawancin wurare an rubuta kuɗin kowane abu a jikinsa, ba tayi, ba albarka. Wanda ya tsaya yana neman ragi a wurin mai cuku lokacinsa kawai yake ɓatawa. Amma a kewayen Santa Katalina akwai kantunan agogo da turare da kayan lantarki, waɗansunsu na Indiyawa, inda akan yi ɗan ciniki. Harajin kaya a tsibiran bai kai na cikin ƙasar Sifen ba, shi ya sa baƙi suke ɗokin saye. To, a nan ne ake son natsuwa. Mutum ya duba abin da zai saya a gaban mai kanti, ya gwada shi, ya ƙirga canjinsa, ya karɓi rasit. Ya tuna gobe war haka yana wata ƙasa, ba shi da halin komowa ya ce abu bai yi ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wace tsaraba ta fi dacewa? Wadda ba ta da nauyi, ba ta fashewa, ba ta ruɓewa, kuma a wurin aka yi ta. Matan tsibirin sun iya wani aikin allura, su zare zaren farin ƙyalle su ɗinka ado a gurbinsa. Akwai kuma ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya biyar, wanda suke kira timfile. 'Ya'yan itatuwa kuwa gara a ci su nan take, domin ƙasashe da yawa ba su yarda a shigo musu da ɗanyen kayan gona ba.

In azahar ta yi, sai mu ratsa titin Tiriyana, wanda yake cike da kantuna, ba a bin sa da mota. Mu hau bas mu koma Santa Katalina, mu taka zuwa Las Kanteras. Rairayi ne mai tsawon kimanin kilomita 3. Akwai wani dogon dutse kwance a cikin ruwa wanda yake tare ƙarfin igiyar teku, shi ya sa ruwan gefe yake kwance lumui. Mu zauna mu huta, amma ido yana kan agogo. Ƙarfe 3 na yi, sai mu kakkaɓe rairayi mu nufi jirgi.

Me yakan sami wanda ya makara? In lokaci ya cika, sai a riƙa kiran sunansa da lasifika a cikin jirgi. In motar da jirgi ya shirya wa fasinjojinsa ce ta yi latti, akan jira ta. Amma wanda ya fita yawon kansa ba lalle ne a jira shi ba, domin ba a tsare dubban mutane saboda mutum ɗaya, wata tashar kuma tana sauraron jirgin da safe. Sai a janye tsani, a kwance igiyoyi, jirgi ya yi kuka mai ƙarfi. Sau da yawa mutanen da ke bisa sukan hangi wani ya sheƙo da gudu, jakunkunan tsaraba a hannu biyu, yana ɗaga su yana kira. Ina! Ruwa ya riga ya shiga tsakani. Tufafinsa da maganinsa da sauran kayansa duk sun tafi. Sai ya nemi wakilin jirgi, ya biya kuɗin masauki da na jirgin sama daga aljihunsa, ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba. Abin da ya samu na rangwame a kanti bai kai ko kusa da abin da zai kashe ba. Da na sani ƙeya ce.

Ku kuwa yara, ko ba ku taɓa ganin teku ba, ku riƙe wannan dabara. In an aike ku kasuwa aka ce ku komo kafin la'asar, ku fara da rumfa mai nisa, ku ƙirga canjinku a gaban mai kaya, ku kuma bar wa kanku sauran lokaci saboda abin da ba a zata ba.

Tambayoyi

1. A ina Tsibiran Kanari suke, kuma wace ƙasa take mulkinsu?
2. Don me matafiyi mai wayo yake fara zuwa wuri mai nisa?
3. Mene ne bambancin bas mai launin rawaya da mai launin shuɗi?
4. A watan Janairu, in ƙarfe 4 ta yi a Kano, ƙarfe nawa ce a Las Falmas?
5. Wani ya riƙe yuro 20. Ya sayi gofiyo na yuro 3, da ƙyalle na yuro 12. Nawa ya rage masa?
6. Ku bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: tsibiri, zango, tsaraba, rangwame.
7. Ku rubuta gajeren labari a kan ranar da kuka makara, da abin da kuka koya daga gare ta.